Campione, garin da ya jingina da gidan caca

Ina aiki a wata masaƙa kusa da birnin Como, arewacin Italiya. Wani abokin aikina ɗan ƙasar ne ya matsa sai na raka shi Campione d'Italia, a bakin tafkin Lugano. Na ce masa rakiya kawai zan yi, don caca haramun ce a wurinmu, kuma ko sisi ban ajiye a tebur ba.

Garin kansa abin mamaki ne. Na Italiya ne, amma ƙasar Suwizalan ta zagaye shi ta ko'ina, sai ka bi ta cikinta kafin ka isa. Asalin abin tun shekarar 777 ne, lokacin da wani mai ƙasa, Totone, ya bar wa limaman cocin Milan gadon wurin. Daga baya garuruwan maƙwabta suka koma ƙarƙashin Suwizalan, shi Campione ya tsaya. A da, da sassaƙa dutse aka san mutanensa, har babbar majami'ar birnin Modena hannunsu ya taɓa.

Yanzu kuwa kafin ka hango gidajen mutane, gidan cacar za ka fara gani. An buɗe shi a 1917, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka rufe, aka sake buɗewa a 1933. Ginin da ke tsaye yau, wanda masanin zanen gine-gine Mario Botta ya zana aka buɗe a 2007, ya danne garin da mutanensa ba su wuce dubu biyu ba.

A ciki na daɗe a gaban faifan nan mai juyawa da ake jefa wa ƙwallo. Gurbi 37 ne, daga sifili zuwa 36. Wanda ya dace da lamba ɗaya, ninki 35 ake ba shi, ba 36 ba. Wannan ɗan giɓin, kusan kashi 2.7 cikin ɗari, shi ne abincin gidan. Ba sai an yi maguɗi ba, lissafin ne a shirye. Abokina ya ci, ya zubar, ya sake ci, muka fito aljihunsa ya yi sauƙi yana ta ba ni labarin cin farko.

Duk da wannan lissafi, a watan Yulin 2018 kotun Como ta ce gidan ya karye. Dalili kuwa, Suwizalan ta buɗe nata gidajen caca a Lugano da Mendrisio, ga kuɗinta ya yi tsada, ga bashin gini. Ma'aikata kusan 500 suka zauna, ƙaramar hukumar da ta mallaki gidan, wadda daga can take samun kuɗin shiga, ita ma ta durƙushe. Sai a Janairun 2022 aka sake buɗewa, da ma'aikata kaɗan.

Abin da ya fi damuna ma ba gidan ba ne. 'Yan'uwanmu baƙi ba sa zuwa Campione, wa zai je ya nuna fasfo a ƙofa? Shagon taba na unguwa suke shiga, su sayi katin Gratta e Vinci na yuro biyar su kankare, ko su cike lambobin cacar SuperEnalotto, inda damar dacewa da lambobi shida ɗaya ce cikin sama da miliyan 622. Kullum kaɗan-kaɗan, ba wanda yake jin zafin fitarsu, sai ƙarshen wata a rasa abin aikawa gida.