Bitamin E da tsufan fata: abin da yake iya yi da inda ƙarfinsa ya tsaya

Duk wanda ya taɓa barin man gyada a buɗe har ya canza wari ya ga irin abin da rana ke yi wa fata. Kowace ƙwayar halittar fata tana da bango na maiƙo. Idan hasken rana ya dake ta, sai a samu wasu ɓurɓushin oksijin marasa natsuwa da ke far wa wannan maiƙo. Wanda aka lalata shi ma sai ya lalata na kusa da shi, abu ya yi ta ci kamar wutar daji. Ɓurɓushin nan ne kuma ke tayar da sinadarin MMP-1, mai yanyanka kolajin, zaren da ke riƙe fata a ɗame. Daga nan tamoji ke fara fitowa.

Bitamin E yana narkewa a cikin mai, don haka a cikin bangon nan yake zaune. Yana miƙa wa mai ɓarnar ƙwayar haidirojin ɗaya, wutar ta mutu a wurin. Amma da ya bayar, ƙarfinsa ya ƙare, sai bitamin C ya zo ya farfaɗo da shi. Shi ya sa shi kaɗai ba ya yin nisa. A Jami'ar Duke ta Amurka, a 2003, an haɗa bitamin C kashi 15 cikin ɗari da bitamin E kashi 1, aka ga kariya daga ƙunar rana ta ninka sau huɗu. A lura, a fatar alade aka gwada, kuma ƙuna aka auna, ba tamoji ba. Aikin bitamin E rigakafi ne, ba ya dawo da kolajin da ya riga ya tsinke.

Saboda haka da safe ya fi amfani: a wanke fuska, a shafa ɗigo huɗu ko biyar na ruwan shafawa mai haɗin bitamin C da E, sannan a bi da man kare rana mai lambar ƙarfin kariya 30. A nemi kwalba mai duhu, a ajiye ta nesa da zafi. In launin ruwan ya koma ruwan ƙasa, ya lalace, a zubar.

Abin da ke damuna shi ne yadda mata ke huda ƙwayar bitamin E ta haɗiya da allura su matse a fuska. Man yana da kauri, yana iya toshe ƙofofin fata ya kawo ƙuraje. A wani gwaji da aka yi a Miami a 1999 na shafa bitamin E kan tabon tiyata, kusan mutum ɗaya cikin uku ya samu ƙaiƙayi da kumburi, tabon kuwa bai gyaru ba a wurin mafi yawansu.

Ta ciki, babba miligiram 15 kawai yake buƙata a rana, kuma gyada giram 100 na ba da kusan rabinsa. Manja ma na da shi. Haɗiyar ƙwayar bitamin E mai ƙarfi kullum na iya hana jini daskarewa da wuri, don haka mai shan warfarin, maganin tsinka jini, kada ya taɓa ta sai likita ya sani.