Awa 15 a hannu, minti 100 a allo: inda fim ɗin gem ke tuntuɓe

Matsalar farko ga wanda zai mayar da gem ya zama fim ita ce lokaci. The Last of Us na cin kusan awa 15 kafin a kai ƙarshensa, fim ɗin sinima kuwa da wuya ya wuce awa 2. Mafi yawan awannin nan kuma ba labari ba ne. Laɓewa ce a bayan bango, da binciken durowa ana neman harsashi, da mutuwa a sake farawa. Mai buga gem ba ya gundura domin shi ke yi da hannunsa, in ya yi sakaci shi za a kashe. Da zarar an zaunar da shi a kujera yana kallon wani, wannan fargabar ta tafi, dole marubuci ya samo abin da zai maye gurbinta.

Fim ɗin Doom na 2005 ya gwada hanya mafi sauƙi. Ya saka wani yanki na kimanin minti 5 inda kyamara ta zama idon jarumin, bakin bindiga a gaba, ana ta harbi kamar a gem. Da farko akwai armashi, daga baya sai ya zama kamar kana tsaye bayan wani a shagon gem kana jiran layinka. Babban kuskuren ma ba nan yake ba. A gem ɗin aljanu ne daga wuta suke kwararowa, fim ɗin ya sauya su da mutanen da wani gwajin ƙwayoyin halitta ya lalata. An riƙe abin da ba ya aiki ba tare da hannu ba, an yar da abin da ya ba gem ɗin sunansa.

Sauyin da tashar talabijin ta HBO ta yi a 2023, da ta mayar da The Last of Us shiri mai dogon zango, na daban ne, kuma a ganina shi ya fi cancanta a yi nazarinsa. A gem ɗin The Last of Us cutar na yaɗuwa har ta ƙurar naman gwari da ke yawo a iska, don haka jarumin kan rufe fuska da abin kare numfashi. Wannan bai dami mai bugawa ba, tunda kyamara na bayan jarumin, ƙeyarsa ake kallo. A talabijin kuwa fuskar ɗan wasa ita ce jarinsa, ba za a ɗauko Pedro Pascal sannan a rufe shi da roba ba. Sai masu shirin, Craig Mazin da Neil Druckmann, wanda ya rubuta gem ɗin na asali, suka mayar da yaɗuwar ta hanyar wasu zaruruwa, suka rage faɗace-faɗace sosai, suka baza labarin a kashi 9. Masoya sun yi ƙorafin ƙarancin dodanni, amma kowane sauyi akwai dalilinsa na aiki.

Kamannin jarumi kam ba a wasa da su. A Afrilun 2019 aka saki tallan farko na fim ɗin Sonic, inda shuɗiyar bushiyar nan ta gem ta fito da haƙora irin na mutum, ƙananan idanu, da ƙafafu masu tsoka. Jama'a suka yi ca. Darakta Jeff Fowler ya amince a gyara, aka ɗage fim ɗin daga Nuwamba 2019 zuwa Fabrairun 2020. Gyaran ba sauya hoto ɗaya ba ne. Idan girman ido da tsawon gaɓoɓi suka canza, sai an sake ƙashin kwamfuta da ke motsa jikin, an sake motsin fuska, an sake fitar da gashi da haske a duk wurin da ya bayyana. Fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 300.

Sai batun kuɗi, inda masu sharhi da yawa ke ruɗewa. Abin da aka tara a sinima ba shi ne ribar kamfani ba. Gidajen sinima na ɗaukar kusan rabi, a China kuma kamfanin waje kan samu kusan kashi 25 cikin ɗari ne kawai, ga kuɗin talla da ba ya cikin kasafin. Warcraft na 2016 ya ci dala miliyan 160, ya tara kusan 439 a duniya. Ka ce an ci kasuwa. To amma kimanin 47 kaɗai ya samu a Amurka, wajen rabin kuɗin daga China ya fito, shi ya sa har yau ba a yi na biyu ba. Five Nights at Freddy's na 2023 an yi shi da miliyan 20, akasari cikin gini ɗaya, da 'yan tsana na gaske da kamfanin Jim Henson ya ƙera, ya tara kusan 290.

Wasu gem ɗin da sa'arsu suke zuwa. Mortal Kombat gasa ce, wannan ya kara da wancan har a kai ga babban mugu, kuma haka finafinan Chanis suke tun asali, don haka na 1995 bai sha wuyar neman tsari ba.

Mario bai samu wannan sa'ar ba a 1993. An ɗauki duniya mai launi da bututu da laimar kwaɗi aka mayar da ita birni mai duhu da datti, fim ɗin bai ko mayar da kuɗin da aka kashe masa ba. Nintendo ta yi shekara 30 ba ta sake barin Mario ya shiga sinima ba. Da ta dawo a 2023 tare da kamfanin fim na Illumination, Shigeru Miyamoto da ya ƙirƙiro Mario yana cikin furodusoshi, aka yi shi da zane mai motsi, minti 92, aka sake kaɗa waƙoƙin Koji Kondo na gem ɗin. Labarin siriri ne, masu suka sun faɗa kuma gaskiyarsu ce. Ya tara sama da dala biliyan 1.3 a kan kasafin miliyan 100.