Kwana uku a Legas ina bin sawun shekarun 1970

Shekaranjiya na dawo, har yanzu ihun kwandastocin danfo bai bar kunnena ba. Na je ne in ga abin da shekaru goman bayan yaƙin basasa suka bari, daga Janairun 1970 da aka ajiye makamai zuwa 1 ga Oktoba 1979 da Obasanjo ya miƙa wa Shehu Shagari mulki. Hanya babu abin faɗa, sai wani mai kaki a wani shinge da ya zazzage jakata a ƙasa, ya ga littattafai ne, ya yi tsaki ya wuce, ko sannu.

Mai niyyar zuwa ya fara da gidan tarihi na Onikan tun da safe. Nan aka ajiye baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala a cikinta ranar Juma'a 13 ga Fabrairu 1976, yana hanyar barikin Dodan a Ikoyi. Ramukan harsashi suna nan. Na daɗe tsaye a gabanta. Ba sulke, kuma ranar babu jerin gwanon masu gadi. A wajenmu yau ko ciyaman ba zai yarda ya fita haka ba. Cunkoso ne ya tsayar da ita har yaran Dimka, jagoran yunƙurin juyin mulkin, suka sami dama. Wata shida da 'yan kwanaki ya yi a mulki, kuma kwana goma kacal kafin rasuwarsa ya mayar da jihohi 12 suka zama 19, ya sanar cewa babban birnin ƙasa zai koma Abuja.

Daga nan kada ka nemi ɗan acaɓa, an hana su a wannan yanki. Ka isa Marina, ka sayi katin biyan kuɗin sufuri na Cowry, ka hau jirgin ƙasa na Blue Line, tasha ta gaba ita ce babban ɗakin wasanni na Iganmu, wanda yanzu aka sa wa sunan Wole Soyinka. Daga sama kamar hular soja yake. Kamfanin Bulgeriya ne ya gina shi, aka kwaikwayi wani gini da ke birnin Varna na ƙasarsu, kuma ɗakin ne ya ɗauki bikin al'adun baƙar fata na duniya, FESTAC, daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu 1977. Tambarin bikin fuskar hauren giwa ce ta sarauniya Idia ta Bini. Gidan tarihin Ingila da ke riƙe da ita ya ƙi ba da aronta, dole aka sassaƙa wata. Namu kason shi ne hawan daba a Kaduna, har aka gina otal ɗin Durbar dominsa.

A Agege na sauka, gidan wani dattijo Bakano mai sayar da goro, wanda ya ƙi karɓar ko kwabo, ya kuma sa aka yi mini tuwo da miyar kuka, wai kada amala ta ɓata mini ciki. Baba ya ga komai da idonsa: komawa tuƙi ta hannun dama a 1972, zuwan naira a 1973, sai ƙarin albashin ma'aikata na kwamitin Udoji a 1974 da ya cika gari da babura da rediyo, kaya suka yi tashin gwauron zabo. Ya fi daɗewa a kan siminti. A 1975 gwamnati ta yi odar tan miliyoyi, ninkin baninkin abin da tashar Apapa ke iya saukewa a shekara. Ɗaruruwan jirage suka yi layi watanni, ana biyan su tarar jinkiri kullum, laimar teku kuma tana daskarar da simintin a cikinsu. Wannan maƙalewa ce ta haifi tashar Tin Can a 1977.

Tsada kuwa, Allah ya kyauta. Kuɗin shayi da burodi a Ikoyi zai ciyar da kai yini guda a Kano, kuma ba mai ce maka ina kwana.

Festac Town na zaga da yamma, titunan lamba gare su maimakon suna, magudanai da yawa sun cushe. Filin wasa na Surulere, inda aka yi wasannin Afirka na 1973, ta tagar mota na hango shi. Jami'ar Legas, inda zanga-zangar ɗalibai ta "Ali Must Go", wato a tsige kwamishinan ilimi Ahmadu Ali, ta ɓarke a 1978 kan ƙarin kuɗin abinci kafin ta kai Zariya, ruwan sama ya hana ni zuwa. Da asuba na kama motar Kano.