Godiya daga birnin Houston na Amurka, bayan guguwar Beryl

Assalamu alaikum warahmatullah. Alhamdulillahi, wuta ta dawo unguwarmu, an lulluɓe inda rufi ya fashe da tampol, Inna tana nan lafiya, yara ma haka. Tun da waya ta samu caji nake son rubuta wannan saƙo, amma da na zauna sai barci ya sace ni da wayar a hannu. Wanda ya turo saƙo bai ga amsa ba, ya yi haƙuri, wallahi ba raini ba ne.

Ba zan maimaita labari daga farko ba, 'yan guruf ɗinmu na WhatsApp sun sha saƙon murya har sun gaji. Kun san Baban yara yana Kano tun Babbar Sallah, daga ni sai yara sai Inna, mahaifiyarsa, a gidan.

Na san irin tarbiyyar da aka yi mana, mai alheri ba ya son a kira sunansa a bainar jama'a. Hajiya Babba, ki gafarce ni, yau sai na kira naki. Ranar Asabar, lokacin da mutane da yawa ke cewa guguwar ta riga ta ƙare ƙarfinta, tunda ta ragargaza tsibirin Carriacou, ta shafi Jamaika, ta faɗa Meziko ta yi laushi, ke ce kika kira ni kika ce, "Ƙanwata, kada ki biye wa masu cewa mataki na ɗaya ce kawai, wato mafi rauni a ma'aunin guguwa. Na ga guguwar Ike a 2008, na ga ta Harvey a 2017. Tashi ki cika bahon wanka da ruwa." Kika sa na jera robobin ruwa a firiza su daskare, na cika tankin mota, na ciro 'yan kuɗi a hannu saboda kati ba ya aiki in babu wuta, na ƙulle fasfo da takardun zama a leda. Har kekunan yara da kujerun waje kika ce a shigo da su, domin duk abin da aka bari a tsakar gida iska za ta ɗauka ta jefa wa tagar wani. A lokacin ma hasashe yana nuna can kudu ne, wajen garin Corpus Christi. Kafin Lahadi ya karkato ta wajenmu. Allah ya saka miki da gidan Aljanna, ya jiƙan Alhaji, ya raya miki zuri'a.

Da misalin ƙarfe 4 na asubahin Litinin, 8 ga Yuli 2024, guguwar ta shigo tudu daga teku ta garin Matagorda da iska mai gudun kusan kilomita 130 a awa. Sabuwar shekarar 1446 ke nan muka buɗe da ita. Mun yi sallar asuba da tocila. Gidajen nan babu ɗakin ƙarƙashin ƙasa, sai mutum ya nemi wuri a tsakiyar gida inda babu taga, mu kuwa ɗan sitonmu na ƙasan bene muka shige mu biyar, da filo da bargo. Gari ya ƙi wayewa. Ƙarar iskar kamar tirela ce ta taho da gudu, kana jira ta wuce, ba ta wucewa. Inna tana jan carbi tana addu'ar da Annabi, sallallahu alaihi wasallam, ya koyar in iska ta taso, ta neman alherinta da tsari daga sharrinta. Baban yara yana kan waya, can Kano rana ta take, yana ta cewa in yi magana, ni kuwa ba ni da abin faɗa.

Sai muka ji gidan gaba ɗaya ya girgiza. Bishiyar bayan gida ce ta kwanta a kan ɗakin sama, ɗakin da autana yake kwana. Yana kan cinyata a lokacin. Ya ɗago ya ce, "Umma, gadona ya jiƙe ko?" Na kasa ba shi amsa, na danne kansa a ƙirjina, sai kuma layin wayar ya yanke. A safiyar nan akwai gidajen da bishiya ta faɗa musu a wannan yanki ta kashe mutum a ciki. Allah ya jiƙan Musulmin cikinsu, ya ba iyalan kowa haƙuri.

Ashe aikin yana gaba. Gidaje da shaguna sama da miliyan 2 suka rasa wuta. Mutanen gida suna ta zolayata, wai ke da kika tashi a hannun NEPA, mene ne abin kuka? Na yi dariya, amma ba ɗaya ba ne. Gidan can an gina shi da sanin wuta za ta ɗauke, akwai tsakar gida, akwai randa, akwai gawayi. Gidan nan katako ne da aka rufe ruf don na'urar sanyaya ɗaki, in ta tsaya sai ya riƙe zafi da gumi, dare ma ba sauƙi. Mutanen da suka tsira daga iska, wasunsu zafin nan ne ya yi ajalinsu, galibi tsofaffi. Ga Inna da ciwon suga, allurarta ta insulin ba ta jure zafi, robobin ƙanƙarar kuma sun fara zama ruwa.

A nan ne maƙwabcinmu ya shigo, dattijon nan ɗan asalin Meziko da muke gaisawa ta kan shinge, ban taɓa taka cikin gidansa ba. Ya ƙwanƙwasa ƙofa da yamma, rigarsa sharkaf da gumi, ya tambaya ko Mama tana da maganin da ke buƙatar firij, domin ya sha ganin ana kawo mana shi a akwatin sanyi. Bai jira dogon bayani ba. Ya koma ya jawo doguwar igiyar wuta daga janaretansa, ya tsallakar da ita ta kan shinge, ya zura ta tagar kicin, ya jona firij da fanka ɗaya. Janaretan ƙarami ne, sai daga baya matarsa ta gaya mini sun kashe tasu firizar ne don ya ɗauki tamu. Ya kuma ja mini kunne, ko wani ya ara mana janareta kada in kuskura in tayar da shi a gareji ko kusa da taga, hayaƙinsa ba ya wari amma yana kisa, kuma asibitoci sun karɓi mutane da yawa a makon saboda haka. Na miƙa masa kuɗin mai, ya ture hannuna.

Inna ta ce a kira mata shi. Ba ta jin Turanci, shi ba ya jin Hausa. Ta zauna a gaban fankar ta ɗaga hannu ta dinga zuba masa addu'a, Allah ya yi maka albarka, Allah ya ba ka masu yi maka, Allah ya shirye ka, Allah ya tsare ka da ciwo. Shi kuma ya cire hula ya tsaya har ta gama. Da ya ga ta shafa, shi ma ya shafa. Washegari ya dawo da 'ya'yansa biyu da injin yankan itace suka sauke bishiyar daga rufi. Tun ranar Inna ba ta kiransa sai "ɗana na bayan shinge".

Matan unguwar Alief, Allah ya bar zumunci. Naman layya ne cike da firizar kowa, maimakon a zuba ido ya lalace, kuka ce kowa ta kawo nata. Aka kafa murhun gas a bayan gidan Hajiya Babba, aka soye shi tas, aka yi dambu, aka raba har da maƙwabta da ba su taɓa ɗanɗana yajinmu ba. Samarin masallaci da suka dinga bin layin mai da na ƙanƙara, suna duba manhajar shagon abinci na Whataburger don gane unguwar da ke da wuta (in reshen shagon a buɗe yake, to akwai), Allah ya ba ku mata nagari. Malam Liman da ya buɗe masallaci tsofaffi suka sha sanyi aka yi cajin waya, Allah ya ƙara daraja. Yayata ta Zariya da ta sa aka sauke Alƙur'ani, da ƙawayena na Yamai da Kumasi da suka hana kansu barci saboda bambancin lokaci, na gani, na gode, Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Akwai kuma waɗanda tafiyar 'yan awoyi ce tsakaninmu a mota, jininmu ɗaya, wutarsu ba ta ko ƙifta ba. Ban ce sai an zo ba, hanya ba ta da kyau a lokacin. Amma an ce zumunta a ƙafa take, yanzu ko a waya ma ai ta wadatar. Inna ta tambaye ni sau da yawa ko wane ya kira, na ce mata layi ne ba kyau. Wani kuma daga gida, saƙonsa na farko da ya shigo bayan na samu caji, tuni ne a kan alkawarin kuɗin makaranta. Ba komai, Allah ya sa dai lafiya ce ta ɓoye kowa.

Ya Allah, wanda ya taimake mu da hannunsa, da aljihunsa, da bakinsa, ka taimake shi ranar da ba shi da kowa sai kai. Ka mayar wa waɗanda suka yi asara da mafi alheri, ka ba marasa lafiya sauƙi, ka tsare ma'aikatan da suka zo daga wasu jihohi suna hawa turakun wuta cikin wannan rana. Damina ce ta guguwa a nan har ƙarshen Nuwamba, Allah ka sa wannan ce ta ƙarshe, ka kiyaye na gida daga ambaliya. Amin.

Baban yara yana hanya in sha Allahu, masu zuwa jaje a bari sai ya iso. Akwai kuma kula biyu da tukunyar gas ɗaya a garejinmu da ban san masu su ba, jar kular har da ludayi a ciki. Mai su ya yi mini magana.