Lahadi a bakin ruwan Orchard

Zafin Bronx, nan birnin New York, yau ba a magana. Tun da hantsi yara suka sa ni gaba, "Baba, teku, teku!" Haka muka hau bas har Orchard Beach, can cikin Pelham Bay Park. Wurin ya cika maƙil, ga kiɗan salsa, ga hayaƙin masu gashin nama. Uwargida ta shimfiɗa tabarma ta ce ita da ruwa sai dai kallo.

Wani dattijo ɗan Puerto Rico da ke zaune kusa da mu ya ɗebi yashi a tafin hannu ya ce min ba na nan ba ne. A jiragen dako aka kwaso shi daga Sandy Hook da Rockaway, aka cike ruwa har tsibirin Hunter ya haɗe da tudu, sannan aka buɗe wa jama'a a 1936. Aikin Robert Moses ne. Daga nan hira ta ɓalle.

Magajin gari La Guardia ne ya naɗa Moses kwamishinan wuraren shaƙatawa na New York a 1934, bai sauka ba sai 1960. A lokacin zafin 1936 kaɗai ya buɗe manyan wuraren ninƙaya 11 da kuɗin gwamnatin tarayya na sama wa marasa aiki abin yi, har da na Crotona inda babbar 'yata ta koyi iyo. Filayen wasan yara kuwa sun haura 600. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne mutumin bai taɓa cin zaɓe ba. Ya nemi gwamna a 1934, ya sha mugun kaye. Ƙarfinsa yana cikin kuɗin da masu mota ke biya a gadar Triborough, kuɗin da ba ya bi ta hannun majalisar birni. Magadan gari suna zuwa suna wucewa, shi yana nan daram, sai a 1968 Gwamna Rockefeller ya raba shi da wannan lalitar.

Da na fara yabonsa, dattijon ya girgiza kai, ya ce in tambayi mutanen East Tremont. Moses ɗin nan dai shi ya tsaga unguwarsu da babban titin Cross Bronx, wanda aka fara a 1948. Iyalai kusan 1,500 aka tasa a wannan yankin, duk da mazauna sun nuna wata hanyar da za ta ci gidaje kaɗan. Ya ƙi. Kuma fa shi kansa bai iya tuƙi ba, direba ke jansa!

Ni dai ban yarda wurin iyo na wanke wannan ba. Wanda ba ya tsoron ƙuri'a ba ya jin kukan mai haya.

Da la'asar muka tattara. Ƙaramin ya yi barci a bas, yashi har cikin kunne. Gobe da asuba aiki, ga kuma wankin tawul yana jirana.