Talata a Ƙofar Ƙaura: birkin baya mai cin ɓari ɗaya

Hazo ya sauko tun asuba, ƙura har cikin hanci. Mashin ɗin da ya cinye mana yinin yau mai birkin faifai ne a baya, ba irin Boxer da muka saba da su ba. Mai shi ya zo da sabon fad, wato takalmin birki mai matse faifan, a leda, ya ce, "Maigida, sa min kawai, wannan ne na uku tun bayan Sallah."

Da yaro ya ciro tsohon, sai ga ɗaya ya cinye har ƙarfe, ɗayan kuwa kamar jiya aka sa shi. Ba laifin fad ba ne. Kalifa, wato gidan da ke riƙe fad ɗin, ce ta daina zamewa a kan fil ɗinta biyu, fistin da ke tura fad yana danna ɓari ɗaya kawai. Robar da ke rufe fil ɗin ta yage, ƙura ta haɗu da tsohon girisi ta zama kamar laka. Aka goge da sanfefa mai laushi, aka canza robar, aka shafa girisin silikon ɗan kaɗan. Girisin inji, baƙin mai ko fetur duk kumbura roba suke yi, amma kullum sai an samu mai zuba su.

Fistin ma ba a tura shi ciki da dattinsa. A wanke bakinsa da man birki da tsohon buroshin haƙori tukuna, in ba haka ba tsatsa ta yanka sil, wato robar da ke tare man, mai ya fara tsatsafowa. A buɗe murfin kofin mai kafin a tura, a sa tsumma kusa, don man birki yana cin fenti.

Fad ɗin da ya sayo mai garin ƙarfe ne. Yana jure zafi da ruwa, amma yana cin faifai, kuma a baya kamunsa ya yi kaifi: a taka a kan yashi taya ta kulle. Ga mai yawo cikin gari, mai laushin ya fi. Da kaurin fad ya ragu ya kusa milimita 1.5, a canza.

Man birkin ya yi baƙi kamar shayi, muka zubar, muka sa sabo mai lamba DOT 4, muka fitar da iska. Duk shekara 2 ake so a canza shi, saboda yana shan ruwa. Kada a gauraya shi da DOT 5.

Kafin mai mashin ya hau, yaro ya yi ta taka birkin har ya yi tauri. Na ce wa mai shi ya bi hanyar Daura a hankali, yana takawa sannu-sannu har fad ya zauna. Ana kiran Magariba ya tafi.