Zakkar dole

Jiya da marece kawuna ya sauka wurinmu nan Tawa daga wajen Tillia, ya zo saida sauran bisashensa. Shanu shidda suka rage mishi, mutumin da in garkensa ya taso rijiya sai ƙura ta rufe hanya. Muna shan shayi bayan isha'i na ce kawu yaya dajin? Ya daɗe yana juya ɗan kofin kafin ya ce ɗana, daji yanzu yana da masu shi.

Masu shi ɗin su ne yaran nan na Daesh, waɗanda rediyo ke kira EIGS. Biyu biyu suke zuwa bisa moto, fuska naɗe da rawani, su ƙidaya dabbobinka su ce ga zakkarka, ba malami ba nisabi ba jiran shekara ta cika, ran da suka ga dama ran nan ne. Ka ƙi ba su, kowa ya san abin da ya faru ran 21 ga Maris 2021 a ƙauyukan Intazayene da Bakorat da kewayensu cikin yankin Tillia, mutum 137 gwamnati da kanta ta ce an kashe rana guda. Ka ba su kuma, gobe in soji sun biyo ta nan wani ya rada musu cewa kai ne ke ciyar da 'yan ta'adda. To ina mutum zai sa kansa?

Ni ban cewa ba a yi komi ba, wallahi sojojinmu sun mutu da yawa, Inates kaɗai 71 a Disamba 2019, Chinagodar 89 wata guda bayan haka, ga Tabatol nan cikin jaharmu a 2023. Tun 2017 Tillia ke cikin dokar ta-ɓaci. Faransa ta kashe shugaban 'yan Daesh ɗin Abu Walid al-Sahrawi a 2021, muka ce shikenan, ashe ba shikenan ba. Janar Tiani ya karɓi mulki a Yuli 2023, sojan Faransa suka fita, na Amurka suka bar Agadas, aka kafa ƙawancen AES da Mali da Burkina, har kuɗin kiredin waya ana cire mana don asusun ceton ƙasa, kuma ni dai ina biya ban yi ƙorafi ba.

Amma abin da ke cina, ayarin soji wucewa yake yi. Su zo da motoci su kwana biyu su tafi, mai moto kuwa yana nan bayan tudu yana jira, ya san sunan kowa ya san rijiyar kowa. Shi ya sa kawu bai tsegunta ma kowa komi, ba don yana son su ba.

Da safe na raka shi kasuwar dabbobi, dillalai sun gane a matse yake suka yi ta taya mishi farashin banza. Ya saida huɗu, biyu ya ce in nema musu wurin ɗauri bayan gidanmu.